Ƴan Gudun Hijira Masu Cikin Fari: Wa Zai Kai Su Awo?

Daga Wakilinmu na Arewa

Tun da aka kafa Sabo a Ibadan cikin 1916, ba a san unguwar da korar baƙo ba. Fatake ne suka cika ta, masu goro da masu shanu, kowa da mai gidansa. To, amma tun daga rikicin Borno na 2009, da kuma ta'asar ƴan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, baƙin da ke gangarowa Kudu sun sake kama. A cikinsu har da ƴan mata masu shekara 14 ko 15, an yi musu aure a gurguje, ga ciki, ga shi babu uwa a kusa.

Kowa ya san al'adarmu. Yarinya mai cikin fari gida ta ke komawa goyon ciki, uwarta ko kakarta ta sa mata ido har ta yi arba'in. Wadda aka ƙone garinsu fa, ina za ta koma? Sai ta zauna a ɗaki ɗaya da miji, shi kuwa tun asuba ya fita nema. Ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turanci, kunya kuma ta hana ta faɗin abin da ke damunta. Naƙuda ta kwana biyu, ba wanda ya sani sai maƙwabciya ta ji nishi.

Haɗarin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa masu haihuwa ƙasa da shekara 20 sun fi ƴan 20 zuwa 24 kamuwa da jijjiga da ciwon mahaifa bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko marasa nauyi. Har ila yau, idan ƙugu bai gama buɗewa ba, kan ɗa ya kan toshe hanya, ɗan ya mutu, uwar ta tashi da yoyon fitsari. Wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk na ƙasar Holan ya fara ɗinkin wannan ciwo tun shekarun 1980, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Amma abin da ya kamata mutanen Sabo su riƙe shi ne binciken Farfesa Kelsey Harrison, wanda shi ma a Ibadan ɗin nan ya koyi aikin likita. Ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Ya gano cewa matan da ba su taɓa zuwa awo ba, watau waɗanda a kan kawo sai abu ya ɓaci, su ne ke mutuwa ninki-ba-ninki. Wani abin mamaki kuma, ƴan matan da aka riƙa bai wa maganin ƙarin jini da na zazzaɓin sauro, wasunsu har tsawo suka ƙara da cikin a jikinsu. Ashe ƙuruciya kaɗai ba ita ce ke kisa ba, rashin awo ya fi ta ɓarna.

A ganina, nauyin nan ya faɗo kan matan masu gida, tun da su ne iyayen baƙi. Asibitin UCH yana nan kusa da Mokola, na haihuwa na Adeoyo kuwa yana Yemetu, duk ba tafiyar da za ta gagara ba ce. Abin da yarinya ke bukata shi ne dattijuwa mai jin Yarbanci ta raka ta, a yanka mata kati tun ciki bai kai wata 3 ba, ta kuma riƙa komawa, don Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. In ƙafa da fuska suka kumbura, ko ciwon kai mai tsanani, ko jini ya ɓalle, a ɗauke ta nan take, kada a tsaya jiran miji ya dawo daga kasuwa, kada kuma a kira wanzami yankan gishiri.