Kayan da Soja Suka Bar wa Farar Hula a Kudancin Kaduna

Da zarar an ce rikici ya tashi a Kafanchan, mu da ke Sabo a Ibadan, ko Agege, ko Aba, sai mu fara tunanin ko shago zai buɗu gobe. A ganina ba za a gane tushen abin ba sai an koma shekarun da Janar Babangida ke ja wa 'yan ƙasa rai da alkawarin miƙa mulki.

Tun juyin mulkin ƙarshen 1983 soja suka rushe jam'iyyu. Mai koke kan gona, kasuwa ko sarauta ba shi da ɗan majalisa. To ina zai kai kuka? Masallaci da coci ne ba a rufe ba, don haka CAN, JNI, Izala da ƙungiyoyin ɗalibai suka zama bakin jama'a. A 1986 sai aka ji gwamnati ta shigar da Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ba tare da an tattauna a fili ba, zargi ya ƙaru. A watan Maris na 1987 faɗa ya ɓarke tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin kwanaki wutar ta kai Kaduna, Zariya da Funtuwa.

Amma fa a ƙarƙashin rigar addinin akwai maganar sarauta. Mutanen Marwa, da fadar sarkinsu ke Manchok, suna da sarautar kansu tun zamanin Turawa, haka Kagoro da Jaba. Maƙwabtansu Atyap da Bajju kuwa suna ƙarƙashin Zazzau, ƙabilun kewayen Kafanchan suna ƙarƙashin Jama'a. Mutum yana kallon maƙwabcinsa da sarkinsa, shi kuwa nasa hakimin daga nesa ake naɗo shi. Rikicin Zangon Kataf na 1992 kan sauya wa kasuwa mazauni ya faro, aka yi asarar rayuka da yawa, Hausawan garin suka ɗanɗana kuɗarsu. Kotun musamman ta yanke wa Janar Zamani Lekwot mai ritaya hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Ba ɓangaren da ya gamsu.

Wani abin da ake mantawa: a zaɓen 12 ga Yunin 1993, Abiola da Kingibe duk Musulmi ne, kuma Kiristoci da dama sun zaɓe su. Soja ne suka soke zaɓen, ba liman ba, ba fasto ba.

A zamanin Abacha, Kanar Lawal Ja'afaru Isa ya ba Atyap da Bajju sarautunsu, amma na Jama'a ya rage. Ana saura kusan mako guda Janar Abdulsalami ya miƙa mulki ranar 29 ga Mayun 1999, Kafanchan ta sake kamawa kan bikin ba sabon Sarkin Jama'a sanda. Gwamna Ahmed Makarfi ya gaji wannan, ga kuma batun Shari'a, wanda soja suka hana majalisar tsara tsarin mulki ci gaba da muhawara a kansa a 1988. A Fabrairun 2000 Kaduna ta ƙone, aka huce a kan 'yan'uwanmu a Aba, Umuahia da Owerri, mutanen da yawancinsu ko hanyar Kafanchan ba su sani ba. Sai bayan nan Makarfi ya ƙirƙiro ƙarin masarautu a kudancin jihar.