Hitar akori-kura da ta daina ɗumi: alama ce daga cikin inji

Da asubar watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, direban akori-kurar da ya ɗauko hatsi daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi ta Ambursa, ko wanda ya taso daga Kalgo ya nufi Jega, yakan murɗa hita ya ji iska mai sanyi ce kawai ke fitowa. Ba kasafai ake damuwa da hakan ba. A naɗa rawani, a ƙara rigar sanyi, ai nan da 'yan makonni sanyin ya wuce. Sai dai hitar mota ba ta da wutar kanta. Ɗumin da take hurawa aro ne daga ruwan da ke zagaya inji, saboda haka idan ta huce, sau da yawa ruwan ne ba ya tafiya yadda ya kamata. Irin wannan motar ce ake gani a gefen titi cikin Afrilu tana tururi, ranar da zafin Kebbi ya haura maki 40.

A bayan dashbod akwai wani ƙaramin lagireto da tiyo biyu ke haɗa shi da inji: ɗaya na kai masa ruwan zafi, ɗaya na mayarwa. Fanka ce ke hura iska ta cikinsa zuwa wurin zama. Da yake a motoci da dama yana daga cikin wurare mafi tudu a hanyar ruwan, shi ke fara bushewa idan ruwa ya ragu, kuma nan iska ke taruwa ta tare hanya.

Don haka binciken farko ba ya cin ko kwabo. Da safe, kafin a tayar da mota, a buɗe murfin lagireto a ga ko ruwa ya kai wuya. Ba a buɗe shi inji na da zafi, domin ruwan na cikin matsi, yana iya feshowa ya saɓule fuska da hannu. Idan hita na ɗumi lokacin da ake gudu, ta huce an tsaya, ko ana jin ƙarar kwararar ruwa daga dashbod, to ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga. A cika, a bar injin yana aiki da hita a buɗe har kumfar ta fita, sannan a nemo inda yake yoyo. Idan ruwa a cike yake amma alamar na nan, sai a zargi famfon ruwa, wanda tsatsa kan cinye masa fukafukai ya riƙa juyawa ba ya tura komai.

Bayan inji ya ɗumama, a taɓa tiyon nan biyu da hattara. In ɗaya ya yi zafi ɗaya kuwa da sanyi-sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, kuma akan wanke shi ta hanyar tura ruwa ta baya. In duka biyun da zafi amma iska ba ɗumi, laifin na ƙofar da ke karkatar da iska ne a cikin dashbod, inji lafiyarsa lau. In kuwa duka biyun ɗumi-ɗumi ne, allurar zafi kuma ba ta tashi ko an yi tafiya mai nisa, sai a tambayi bakanike ko tamostat na nan.

Galibi ba ta nan. Al'ada ce da ta zauna a garejoji cewa mota na sauka daga Kwatano a cire mata wannan na'ura, wai don ƙasashen sanyi aka yi ta. Wannan kuskure ne mai tsada. Aikinta shi ne ta tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aikinsa, wajen maki 82 a injinan Toyota da yawa, sannan ta sake shi zuwa lagireto. Injin da ba ya kai wannan zafi yana shan mai fiye da kima, yana kuma saurin lalacewa. A wasu injinan ma ita ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, don haka idan babu ita, wani ɓangare na ruwan ba ya biyawa ta lagireto sam. Motar da ke zafi tana da dalilinta, cire tamostat ɓoye shi kawai yake yi.

Toshewar kuwa daga ruwan da ake zubawa take farowa. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke daskarewa a siraran bututu kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, ga kuma tsatsa. Ruwan sanyaya inji na kanti, ja ko kore, yana da maganin tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. Sai dai guba ne mai zaƙi-zaƙi, bai kamata a zubar da tsohonsa inda awaki ko yara za su kai ba.

Idan ƙaramin lagireton ya huje, akan ji wari mai zaƙi, gilashin gaba ya yi dusu-dusu, shimfiɗar ƙafa ta jiƙe. Kanikawa kan haɗe tiyon biyu su kewaye shi, tun da ciro shi sai an kwance dashbod. Dabara ce ta isa gida, amma tana hana direba wata mafita: idan allura ta fara hawa a hanya, buɗe hita har ƙarshe na janye zafi daga inji har a sami wurin tsayawa.

Alama guda ce ba ta jiran ranar kasuwa ta wuce. Idan ruwa na raguwa ba a ga yoyo ba, kumfa na tasowa a lagireto ba ƙaƙƙautawa, farin hayaƙi na fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin kan inji ya ƙone. A ajiye motar, a nemi wata ta kai kayan.