Kafin Ka Ce Ta Gama Sauka

A Tambuwal ko Kebbe, matashin da ke koyon rubuta manhaja yakan sha wuya wajen sauko da kayan aiki kafin ma ya soma aikin. Android Studio, wadda ake gina manhajojin waya da ita, ta haura gigabait 1, kuma Google ba ya daɗewa bai fitar da sabuwa ba. Sai mutum ya jira garaɓasar data ta dare, ya jingina waya a taga inda sabis ya fi kamawa, ya kwanta. Da asuba ya tarar da fayil a kwamfuta, ya ce shi ke nan.

Ba lallai ba ne manhajar ta gama sauka. Idan sabis ya ɗauke ko caji ya ƙare ana tsakiyar saukowa, fayil na iya zuwa da giɓi. Wani lokaci ya ƙi buɗuwa, wannan ma da sauƙi. Na ɓoye shi ne wanda zai soma shiga kwamfuta sannan ya maƙale, ɗalibi ya kwana yana zargin kansa ko kwamfutarsa.

Duba na farko ba ya ɗaukar lokaci. In sunan fayil ya ƙare da .crdownload a Chrome, ko .part a Firefox, bai gama ba. Sai ka gwada girmansa da wanda masu manhajar suka rubuta a shafinsu. Amma girma kaɗai ba ya isa. Mai sayen shinkafa ba ya yarda da cikar buhu sai ya soka ya ga ƙwaya.

Sokawar a nan ita ce lambar SHA-256, haruffa da lambobi 64 da ake lissafowa daga duk abin da ke cikin fayil. Ɗigo ɗaya ya canza, lambar gaba ɗaya ta canza. Google na ajiye ta a shafin saukowa, kusa da kowane fayil. A Windows, ka buɗe PowerShell, ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin. A Linux kuwa sha256sum. Ka jera abin da ya fito da na shafin. Mutane kan duba haruffa huɗun farko su wuce, alhali kwafe su biyun a ajiye ɗaya ƙarƙashin ɗaya ba ya cin minti guda.

Inda na fi son a kula shi ne kwafen hannu. Saboda tsadar data, wanda ya dawo daga Sakkwato da manhaja a filas shi ne gatan abokansa, kowa ya kawo kwamfuta a tura masa. Ban ga laifin wannan ba, hasali ma taimako ne. Sai dai abin da ya faru a Sin a 2015 ya isa a yi hattara. Saukowar Xcode, takwarar Android Studio ta kamfanin Apple, na da nawa a can, sai masu rubuta manhaja suka koma ɗaukar kwafe daga wasu rumbunan cikin gida. Ashe an cusa masa mugun abu, wanda aka sa wa suna XcodeGhost, kuma duk manhajar da aka gina da shi ta kwashi cutar, har da manhajar hira ta WeChat.

Shi ya sa lambar da za ka gwada da ita dole ta fito daga shafin masu manhajar, ba daga bakin wanda ya ba ka filas ba. Buɗe shafin kuwa data kaɗan yake ci. In lambobin sun yi daidai, kwafen abokinka da na Google ɗaya ne, ka huta da sayen data. In sun saɓa, goge fayil ɗin kada ka buɗe shi, ka sake saukowa da manhajar da ke iya ɗorawa daga inda sabis ya yanke.