Renon Masu Bincike: Yadda Ake Yaye Masanin Kimiyya

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi nisa a darasin ilmin halittu ya taɓa cin karo da zagayen Krebs, wato jerin sauye-sauyen sinadarai da ƙwayar halitta ke bi domin tatso ƙarfi daga abinci. Akan zana shi a allo, a haddace, a amsa tambaya a kansa ranar jarrabawa. Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne yadda mutumin da ya gano shi ya zama masani, da irin hannayen da suka rene shi. Wannan maƙala za ta duba wannan al'amari, sa'an nan ta bayyana shirye-shiryen da ake gudanarwa a yau domin jagorancin masu neman digiri na uku da waɗanda suka kammala shi suka shiga fagen bincike.

Salsalar Malamai

An haifi Hans Krebs a ƙasar Jamus a shekarar 1900. Daga 1926 zuwa 1930 ya yi aiki a birnin Balin a ƙarƙashin Otto Warburg, masanin yadda ƙwayoyin halitta ke numfashi. A wurinsa ya koyi yanka tsoka siriri-siriri da auna iskar da take shaƙa, kuma da irin waɗannan dabaru ne ya gano zagayen nan a 1937 a Jami'ar Sheffield ta Ingila, yana amfani da naman ƙirjin tattabara. Ya sami lambar Nobel a 1953.

A 1967 Krebs ya rubuta wata maƙala a mujallar Nature inda ya bi salsalar malamansa. Warburg, wanda ya sami Nobel a 1931, ɗalibin Emil Fischer ne, wanda ya samu a 1902. Shi kuma Fischer ɗalibin Adolf von Baeyer ne, wanda ya samu a 1905. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutumin da ya tashi a ƙasar Hausa, inda malamin zaure kan ambaci wanda ya ba shi karatu da wanda ya bai wa malaminsa, maƙeri kuma kan faɗi maƙerar da aka hore shi. Ra'ayin Krebs shi ne, babban abin da almajiri ke ɗauka daga malami ya wuce bayanan da ke cikin littattafai. Yana ɗaukar ɗabi'ar aiki: zaɓen tambayar da ta cancanci a ɓata shekaru a kanta, da zargin sakamakon kansa kafin wani ya zarge shi, da juriya.

Wata masaniyar zamantakewa a Amurka, Harriet Zuckerman, ta auna wannan magana a littafin da ta fitar a 1977. Daga cikin masana 92 da suka sami Nobel saboda binciken da suka yi a Amurka zuwa shekarar 1972, ta tarar 48 sun taɓa aiki suna matasa a ƙarƙashin wani mai wannan lamba.

Sai dai akwai wani darasi a tarihin Krebs. A 1933 gwamnatin Hitila ta raba shi da aikinsa saboda shi Bayahude ne. Wanda ya kira shi zuwa Jami'ar Kambirij ya ba shi wurin aiki shi ne Frederick Gowland Hopkins, ɗaya daga cikin masanan da suka gano muhimmancin bitamin. Ke nan malami ɗaya ya koya masa sana'a, wani daban ya buɗe masa ƙofa ranar da ta rufe. Matashin mai bincike yana bukatar duka biyun.

Inda Matsalar Take

Digiri na uku yakan ci shekaru uku zuwa biyar, ko fiye. A tsawon wannan lokaci ɗalibi yana ƙarƙashin malami mai duba aikinsa. Bayan kammalawa, da yawa sukan shiga wani zango na shekara biyu ko uku suna bincike a ɗakin gwaje-gwajen wani babban masani bisa yarjejeniya ta ɗan lokaci. A wannan zango albashinsu, da kayan aikinsu, da takardar shaidar da za su nemi aiki da ita, duk a hannun mutum ɗaya suke. In an dace da mai kula, madalla. In ba a dace ba, shekaru sun tafi.

Bugu da ƙari, akwai abubuwan da ba a koyarwa a aji. Yaya ake rubuta takardar neman kuɗin bincike? Wace mujalla ta dace da wane aiki? Me mutum zai yi idan an dawo masa da maƙalarsa? Shi kansa Krebs mujallar Nature ba ta karɓi rubutunsa na 1937 ba, sai a wata mujalla ta ƙasar Holan ya fito. Matashin da ba shi da wanda zai gaya masa cewa wannan ba ƙarshen duniya ba ne, yana iya ajiye alƙalami. Hausawa na cewa daga na gaba ake ganin zurfin ruwa.

A Afirka lamarin ya fi tsanani. Sau da yawa mai sabon digiri yakan dawo daga waje ya tarar da aji cike da ɗalibai, ba kayan gwaji, ba babban masani a fanninsa da zai nema wa shawara. Wasu sukan koma inda suka fito, wasu kuma su bar bincike baki ɗaya. Hasarar ba tasu kaɗai ba ce, ta manomin da ke jiran irin gero mai jure fari ce, da majinyacin da ke jiran magani.

Shirye-shiryen Jagoranci

Saboda haka hukumomi suka ga bai kamata a bar reno ga sa'a ba. A Amurka, tun daga 2009 Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta wajabta wa duk wanda ya nemi kuɗi domin ɗaukar mai binciken bayan digiri na uku ya gabatar da rubutaccen tsarin yadda zai rene shi. Haka kuma jami'o'i da dama sun ɗauki al'adar sa matashi ya rubuta burinsa da ƙwarewar da ya rasa, a riƙa duba takardar tare da jagoransa lokaci-lokaci.

A wannan nahiya, ɗaya daga cikin tsofaffin misalai yana Nairobi ta ƙasar Kenya. A 1970 Farfesa Thomas Odhiambo ya kafa cibiyar nazarin ƙwari ta icipe, a 1983 kuma cibiyar ta buɗe shirin horar da masu manyan digiri mai suna ARPPIS. Ɗalibi yakan yi rajista a wata jami'a ta Afirka, ya gudanar da bincikensa a cibiyar kan sauro ko ƙudan tsando ko tsutsar da ke huda karan dawa da masara. Ta haka yana da malamai a wurare biyu, ba ya rataye a wuyan mutum ɗaya.

A Jami'ar Gana da ke Legon, Farfesa Eric Danquah ya jagoranci kafa cibiyar WACCI a 2007 domin ba da digiri na uku a fannin inganta irin shuka. Ɗalibai, ciki har da 'yan Nijeriya da Nijar, sukan fara da darussa a Legon, sa'an nan su koma cibiyoyin bincike na ƙasashensu su yi aikin gona kan gero, dawa, wake, masara da makamantansu. Hikimar ita ce, wanda aka rena a kan ƙasar da zai yi wa aiki ya fi saurin kafuwa a cikinta.

Misali na uku shi ne shirin AWARD, wanda aka fara a 2008 a Nairobi domin mata masu binciken aikin gona. Akan haɗa kowace mace da wani gogaggen masani, namiji ko mace, su tsara hanyar da za ta bi zuwa burinta, su riƙa ganawa a kai a kai har shekara guda. Daga baya ita ma sai ta ɗauki wata ƙaramar mai bincike ta rena. Bukatar irin wannan shiri a fili take, domin rahoton hukumar UNESCO na 2021 ya nuna mata kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu bincike a duniya.

Siffofin Kyakkyawan Shiri

Idan aka dubi waɗannan misalai za a ga abubuwa huɗu. Na farko, matashi yana da wanda zai kai wa kuka ban da mai duba aikinsa. Na biyu, akan rubuta buri a takarda, a kuma tsai da lokacin ganawa. Na uku, shi ma jagoran akan horar da shi, domin gwaninta a ɗakin gwaji ba ita ce gwanintar sauraro ba. Na huɗu, reno yana da ranar yaye. Jagoran da ya riƙe matashi yana yi masa aiki shekara da shekaru, ko yake sa sunansa a kan binciken da bai sa hannu a ciki ba, ya ci amanar da aka ba shi.

Kammalawa

Ɗalibin sakandare yana iya ganin digiri na uku ya yi masa nisa, amma ɗabi'un da ake bukata tun yanzu ake shuka su: yin tambaya ba tare da jin kunya ba, ajiye littafin da ake rubuta abin da ido ya gani a gwaji ko da ya saɓa wa abin da aka zata, da karɓar gyara. Idan lokacin zaɓen malami ya zo, yana da kyau ɗalibi ya binciki inda tsofaffin ɗaliban malamin suke a yau, kuma cikin shekaru nawa suka kammala.

Su kuma malaman makaranta, su ne jagorori na farko. Malamin da ya zauna da yarinya minti goma bayan an tashi yana duba zanen ganyen da ta yi, ko ya gayyato tsohon ɗalibin makarantar da ke jami'a ya yi wa 'yan ƙungiyar kimiyya bayanin aikinsa, ya riga ya fara aikin da manyan cibiyoyin nan ke kashe kuɗi masu yawa domin tsara shi.