Tsatsa a ƙarƙashin fenti: Aikin ceto jikin tsohuwar Peugeot 504

Idan aka jawo tsohuwar Peugeot 504 zuwa layin masu gyaran jikin mota a kasuwar makanikai ta Apo da ke Abuja, ko Panteka ta Kaduna, gwanin da ya san aikinsa ba ya ɓata lokaci wajen kallon fenti. Zai yaye shimfiɗar ƙasan motar, ya durƙusa gefen ƙofa, ya riƙa soka sukudireba a ƙarfen. Inda ya ji ƙarfe ya amsa da ƙara, sai ya wuce. Inda sukudireba ta nutse kamar an soka ta a busasshen burodi, nan ne cinikin zai tsaya, domin nan ne za a san ko motar za ta sake hawa titi ko kuwa rabon 'yan gwangwan ce.

Ba a banza ake wahala a kan wannan mota ba. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, ta lashe kyautar motar shekara ta Turai a 1969, sannan ta ci gasar tseren Safari a Kenya a 1975. A shekarar ce kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai. Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta mayar da ita motar jami'an gwamnati, direbobin tasha suka rungumi mai dogon baya, 'yan kasuwa suka ɗauki a-kori-kura. Fijo, kamar yadda bakin Bahaushe ya sarrafa sunan, ta kai amare, ta kai gawa, ta kai mahajjata filin jirgi. Shi ya sa magada da yawa ke kasa rabuwa da wadda mahaifinsu ya bari a gareji.

Injin ba shi ne abin tsoro ba, don makanikan da suka san shi suna nan, kayan gyaransa ma ba su ƙare ba. Jiki ne matsalar. Ƙaramar 504 ba ta da wani ƙashin baya na daban da aka ɗora jiki a kansa. Jikin ne kansa ke ɗauke da nauyi. Dokin ƙofa, ƙasan mota da wuraren da ƙafafu suka kama duk ginshiƙai ne. Idan suka ruɓe, ƙofofi kan fara ƙin rufuwa daidai, kuma ranar da aka yi karo motar za ta naɗe a inda ya kamata ta tsaya ƙyam.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. Wannan ne ya sa motar da ta yi rayuwarta a Legas ko Fatakwal ta fi wadda ta zauna a Kano ko Sakkwato lalacewa. Sai dai bushewar Arewa ma tana da nata tarkon. Ƙurar hunturu na taruwa a cikin ƙofofi da saman tayoyi, ta toshe ƙananan ramukan da aka yi domin ruwa ya tsiyaye. Damina na sauka ƙurar ta zama laka, lakar kuma ta riƙe danshi na tsawon watanni. Daga ciki tsatsar ke ci zuwa waje. Kafin fenti ya kumbura har ido ya gani, abin da ke bayansa ya ninka haka.

A nan ne hanya ta rabu biyu, kuma mai mota ne ke zaɓa da aljihunsa.

Hanya mai araha kowa ya san ta: a goge saman tsatsar, a bubbuga wurin ya lotsa, a cusa raga ko guntun kwano, a lafta fila, a goge da sanfefa, a fesa fenti. Cikin 'yan kwanaki mota za ta fito tana ƙyalli. Wannan kitso ne da ƙwarƙwata. Fila na shan danshi ta baya, tsatsar da aka rufe kuma ba ta daina cin ƙarfe ba. Bayan damina ɗaya ko biyu fentin zai tsage, filar ta ɓamɓaro, ramin ya fi na da faɗi. Ba filar ce mai laifi ba. An yi ta ne domin siririn shafi da zai daidaita saman ƙarfe lafiyayye, ba domin ta maye gurbinsa ba. Mai sayen tsohuwar mota zai iya gano wannan rufa-rufa da ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ne a wurin ba.

Hanya ta biyu yanka ce. Ana bin tsatsar da giranda har sai an isa farin ƙarfe mai cikakken kauri, a yanke duk abin da ya ruɓe, ko da ramin zai ba mai motar tsoro. Kafin a yanke dokin ƙofa, mai hankali kan walda sandunan ƙarfe a bakin ƙofofin don kada jikin ya karkace. Sai a zana siffar ramin a kwali, a fitar da ita a sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali, wanda a yawancin fatar mota bai wuce milimita 1 ba. Idan an yi sa'a, akan samu ɓangaren daga wata 504 da ta mutu a yanko shi. Idan ba a samu ba, guduma da haƙuri ne za su lanƙwasa shi. Kwanon rufi ba ya wannan aiki: ya cika siranta, kuma sinadarin zinki da ke jikinsa na fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi idan wuta ta taɓa shi.

Wajen walda ake gane gwani. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauƙi, amma tsakanin ƙarafan biyu akan bar wani siririn lungu da ruwa zai kwanta, tsatsa ta sake farawa daga nan. Aikin ƙwarai shi ne a haɗa baki da baki. Kuma ba a jan walda a layi ɗaya, domin zafi na murɗa siririn ƙarfe ya yi tudu da kwari. Ɗigo-ɗigo ake yi, a sa nan, a tsallaka can, a bari ya huce, a dawo, har ɗigon su haɗe. Yawancin masu sana'ar a ƙasar nan da waldar gas suke aiki, wasu ma da tukunyar kabaid, saboda ba ta jiran wutar lantarki. Zafinta na bazuwa fiye da na injin MIG da ake amfani da shi a Turai, don haka wanda ya iya fitar da ƙofa sumul da ita ya cancanci a biya shi da kyau. Abin takaici, sau da yawa shi ake yi wa tayin wulaƙanci, a kai aikin ga mai fila. Tankin mai, batir da shimfiɗu kuwa dole a cire su kafin a kunna wuta. Motoci da dama sun ƙone ƙurmus a hannun masu gaggawa.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na bayan faci, inda ido ba ya kaiwa. Wuta ta ƙone duk wata kariya da ke wurin, ta bar ƙarfe tsirara. Sai an shafa masa fentin kariya, an toshe bakin haɗin, an fesa kakin hana tsatsa a cikin kogon dokin ƙofa da na ƙofofi. Wasu na ɗura baƙin mai a madadinsa. Yana ɗan taimakawa, amma yana tsiyayewa ya kuma tara ƙura.

Irin wannan aiki kan ci makonni, wani lokaci watanni, kuma kuɗinsa na iya zarce abin da motar za ta yi a kasuwa. Masu ba da shi kan nemi a ɗauki hoton kowane rami kafin a rufe shi, su kuma zo da kansu su ga ƙarfen tsirara kafin a kai wa mai fenti. Daga nan sai a jira ruwan watan Agusta ya gwada aikin.