Yadda Ɗan Kasuwa Zai Ƙoshi A Ƙasar Waje Ba Tare Da Ya Ci Jarinsa Ba

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fita waje saro kaya ya san kuɗaɗen da ake lissafawa tun daga gida, wato na jirgi da biza da masauki da dakon kaya. To amma akwai wanda ba a cika sa shi a lissafi ba, shi ne kuɗin abinci. Da yake kullum sau uku ake biyansa, kuma da kuɗin waje, yakan yi wa jari cin gara, mai shi ba zai ankara ba sai ranar komowa.

Faɗuwar darajar naira ta ƙara wa lamarin nauyi. Daga 1994 zuwa 1998 farashin dalar Amurka a hukumance bai wuce naira 22 ba. A 2008 ya kai kimanin naira 120, sannan bayan da gwamnati ta sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A misalce, wanda ya yi rarar dala 20 kullum cikin tafiyar kwana 10, ya tsira da dala 200, wato naira 300,000 a wancan farashi na 2024. Wannan kuwa kuɗin kaya ne.

Na fara koyon wannan darasi a 2008, lokacin da na raka yayana, wanda ke sayar da yadi a Kantin Kwari ta Kano, zuwa Dubai. Mun sauka a unguwar Deira, inda fataken Afirka suka fi taruwa. A daren farko gajiya ta sa na yi odar abinci daga ɗakin cin abinci na otal. Da safe Yaya ya dubi takardar kuɗin, bai ce mini komai ba, sai ya ja ni zuwa wani lungu kusa da kasuwar Naif, inda 'yan dako da direbobi 'yan Indiya da Pakistan suka yi layi. A nan muka ci gurasar da suke kira parata da miyar wake da shayi mai madara, muka ƙoshi, abin da muka biya mu biyu bai kai rabin kuɗin farantina na jiya ba. A hanya ya shaida mini ƙa'idarsa: a kowane gari ka nemi inda ma'aikatan garin ke ci, domin su da albashi suke ci, ba da guzuri ba. Ko ƙetare mashigin ruwan Dubai, a kwale-kwalen da ake kira abra muka yi shi, a kan dirhami 1.

Bayan 'yan shekaru na gwada wannan ƙa'ida a Jidda, ta kuma yi aiki. A tsohon gari, wato Balad, karin kumallon talaka shi ne ful, dafaffen wake da aka dama da mai, tare da faffaɗar gurasar tamis mai zafi. Da rana kuwa farantin shinkafar Bukhari da rabin kaza yakan ishi mutum biyu. Wani sauƙin kuma shi ne, riyal na Saudiyya a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a kowace dala, kamar yadda dirhamin Dubai yake 3.67. Saboda haka matafiyi na iya yanke kuɗin cinsa tun daga gida ba tare da fargabar canji ba.

Inda na sha wuya shi ne Guangzhou ta ƙasar Sin, birnin da ake gudanar da bajekolin Canton tun 1957, sau biyu a shekara, cikin Afrilu da Oktoba. Ga rashin jin harshe, ga tsoron cin abin da ba halal ba. Sai na yanke shawarar dogara ga garin rogo da ƙuli-ƙuli da na zo da su, ina ganin na yi dabara. A kwana na huɗu jiri ya ɗebe ni a tsakiyar kasuwa, na yi kwana biyu a kwance, ina biyan kuɗin ɗaki ba na ciniki. Abin da na yi asara ya ninka wanda na yi tattali. Da ma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ne ya fitar da ni. Ya kai ni unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka da Musulmin Sin suke da yawa, ya nuna mini ƙananan shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda akasari Musulmi 'yan ƙabilar Hui ke gudanarwa. A gabanka ake jan taliyar da hannu, a zuba ta cikin romon naman sa mai zafi. Ya kuma koya mini gane rubutun nan mai haruffa biyu da suke karantawa cinjan, ma'ana halal, wanda a wancan lokaci sau da yawa akan haɗa shi da rubutun Larabci a bakin ƙofa. Tun daga ranar ban sake kwana da yunwa a birnin ba.

Game da guzuri daga gida, yaji da dakuwa da ganyen shayi suna rage kashe kuɗi, amma ya kamata a yi hattara da kilishi da dambun nama. Ƙasar Sin da Amurka da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama, kuma wanda aka kama akan ƙwace, wani lokaci har da tara.

Haka zalika araha tana da iyaka. Shagon da ke cike da jama'a abincinsa ba ya kwana, wanda kuwa babu kowa, ko da kyauta ne, a bar shi. A tambayi farashi kafin a zauna. A sayi ruwan sha babbar gora a kanti, ba a otal ba. In ana tafiya cikin ayari, a haɗa kuɗi a ci tare, domin faranti babba ya fi sauƙi.

Daga ƙarshe, ya dace kowane ɗan kasuwa ya ware kuɗin ci daban da jari tun kafin ya tashi, ya raba shi bisa yawan kwanakin tafiya, ya kuma rubuta shi cikin kuɗin da kaya suka tsaya masa. Wanda bai yi haka ba zai dawo ya sa farashi yana zaton ya ci riba, alhali ya riga ya cinye ta a faranti.