BALAGAR WURI DA ƘWAƘWALWAR YARA



Idan 'yarki ta fara ƙirgen dangi kafin shekara 8, ko ɗanka ya fara gashin mara kafin shekara 9, wannan ita ce balagar wuri. Malaman fiƙihu ma ba sa lissafa jinin yarinya 'yar ƙasa da shekara 9 a matsayin haila.

Daga ƙwaƙwalwa abin yake farawa. Ita ke ba da umarni jiki ya saki sinadaran balaga, wato homon. Su kuma sai su koma su zaburar da ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da fushi, sha'awa da son burgewa. Amma ɓangaren goshi, mai auna abu kafin a aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. To ka ga, jiki ya yi gaba, hankali yana baya. Shi ya sa za ki ga saurin kuka, kunya, damuwa da keɓe kai, musamman ga 'ya'ya mata.

Ƙiba na jawo ta. Wani lokaci kuma ƙari ne a ƙwaƙwalwa, an fi samun haka ga maza.

Don Allah kar a ɗura musu jiƙe-jiƙe, ni mai magani ne nake faɗa muku. A kai su asibiti a auna. Kar a yi musu kallon manya, a ja su a jiki, a sa ido kan masu raɓarsu.

Allah Ya shirya mana zuri'a. A tura wa sauran iyaye.